Fam 14,500 suke nema kafin su sakar mana ƙasar gidanmu

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a nan Ingila, don tun ranar Talata maganar nan ta hana ni sukuni.

A 2015 muka sayi gidanmu, sabon gini, a wata unguwa da ke gefen Bolton. Gida ne mai zaman kansa, ɗaki uku, ba fulat ba. Ranar da muka je ofishin masu ginin, matar da ke sayarwa ta ce gidan lisihol ne, wato namu ne na wani wa'adi, ƙasar da yake kai kuma ba tamu ba ce, amma kada mu damu, wa'adinsa shekara 999 ne. Kuɗin ƙasa fam 300 a shekara. Ta kuma ce in muka cika shekara biyu za mu iya sayen ƙasar gaba ɗaya a kan abin da bai wuce fam 5,000 ba. Da baki ta faɗa, ba mu karɓi komai a rubuce ba. Hidimar yara da biyan mogej, wato bashin sayen gidan, suka sa muka yi ta ɗaga maganar. Shekara uku da tarewarmu sai ga takarda, wai daga yanzu wani kamfani daban za mu riƙa biya, sun sayar masa da ƙasar unguwar kaf, ko sallama ba a yi mana ba.

Bana kuɗin ƙasa ya koma fam 460. Muka rubuta wa kamfanin muna son sayen firihol, wato mallakar ƙasar gaba ɗaya ba wa'adi. Sai da suka karɓi kuɗi kafin ma su faɗi farashi, sannan suka ce fam 14,500, ban da kuɗin lauyansu, kuma kwana 28 suka ba mu. Abban Hanif ya ce mu ranto mu biya mu huta. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Daga ina suka samo wannan adadin? Kuma dole ne mu karɓa yadda suka yanke?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba dole ba ne, kuma kwana 28 ɗin nan ba na doka ba ne, nasu ne. Ni na bi ta wannan hanyar a Manchesta shekara huɗu da suka wuce. Kafin in ce komai, ɗauko takardar lis ɗin, wato yarjejeniyar lisihol ɗin, ki duba mana abu uku: ranar da wa'adin ya fara, yadda aka rubuta ƙarin kuɗin ƙasa zai riƙa kasancewa, da kuma nawa irin gidanku ke tashi yanzu a layinku. In takardar ta ɓace a cikin kaya, ofishin rajistar filaye yana da kwafi.

Maman Hanif:
Na gode Yaya. Ya fara 1 ga Janairu 2015, saura shekara 988 ke nan. Ƙarin kuma duk bayan shekara 10 ne, bisa ma'aunin hauhawar farashi na RPI. Wani gida irin namu a bayan layi an sayar da shi fam 250,000 a bazara.

Abban Sadiq:
Madalla. To ki gode wa Allah da ba irin mai ninkawa ba ne. Akwai waɗanda nasu yake ninkawa duk shekara 10: fam 300 ya zama 600, ya zama 1,200, kafin shekara 50 ya kai 9,600. Waɗannan su ne suka fi shiga uku, har hukumar CMA mai kula da gasa a kasuwanci ta buɗe bincike a kai a 2019.

Ga yadda lissafin yake. Mai ƙasa abu biyu yake da shi a gidanki, su ne za ki biya shi. Na farko kuɗin da yake karɓa duk shekara. Na biyu gidan kansa, wanda zai koma hannunsa ranar da wa'adi ya ƙare. Akwai na uku, amma sai wa'adi ya yi ƙasa da shekara 80 yake shigowa, bai shafe ki ba.

Mu fara da na biyun don mu sallame shi. Ana tambaya ne, nawa mutum zai biya yau don a ba shi gidan fam 250,000 bayan shekara kaza? Ga gida ana rage darajar da kashi 4.75 cikin 100 a kan kowace shekarar jira. Da saura shekara 100 ne, amsar wajen fam 2,400 ce. Da yake saura 988, ko sisi ba ta kai ba. Sifili ke nan.

Saura na farko, kuma duk cinikin a nan yake. Ki ɗauka saniyar tatsa ce da ke ba shi nonon fam 460 a shekara, ke kuma kina son sayen saniyar. Farashinta shi ne dunƙulen kuɗin da in ya zuba a wani wuri zai riƙa ba shi 460 ɗin. In aka yi lissafi da kashi 6 cikin 100, sai a raba 460 da 0.06, ya ba da fam 7,667. Da kashi 5, fam 9,200. Da kashi 4.5, fam 10,222. Kuɗin ƙasar da ba ya motsi galibi da kashi 6 zuwa 7 ake lissafa shi. Naki da yake yana bin hauhawar farashi, za su dage a sauko da kashin, kuma suna da 'yar hujja, don saniyar tasu nononta ƙaruwa yake yi.

Yanzu juya nasu adadin. Raba 460 da 14,500, za ki ga kashi 3.2 ne, wato kuɗin ƙasar shekara 31 da rabi suke so ki ba su lokaci guda. Ni a ganina abin da ya dace yana tsakanin fam 7,500 da 10,000. Amma ni ba safiyo mai ƙiyasta darajar gidaje ba ne, dole ki ɗauki wanda ya ƙware a wannan fannin ya rubuta miki ƙiyasi.

Maman Hanif:
Innalillahi. Wato kusan fam dubu biyar ko shida suka ɗora a sama. Allah ya saka da alheri Yaya, yau ne na fara gane kan abin.

Kawu Garba:
'Yata, ki saurari mijinki. Lissafin Abban Sadiq daidai ne a takarda, amma takarda daban, rayuwa daban. Ki ɗauki safiyo ki biya, ki ɗauki lauya ki biya, doka kuma ta ce ki biya lauyansu da safiyonsu. Ki yi wata shida ko shekara kina zarya da wasiƙu. Kamfanonin nan aikinsu ke nan, ba sa gajiya, ke kuwa kina da aiki da yara. Ƙarshe abin da kika ceto bai taka kara ya karya ba, ga ciwon kai. Ku nemi ragi, in sun sauko 13,000 ku biya. Kwanciyar hankali ma dukiya ce.

Ummu Khadija:
Kawu, da girmamawa, ban yarda ba. Ina aiki a ofishin lauyoyi a Lesta, irin waɗannan fayilolin suna bi ta teburina. Kuɗin lauya ba za ta tsira daga gare shi ba ko ta wace hanya: ai a wasiƙarsu ma sun ce 14,500 ban da lauyansu, ita ma kuma dole ta ɗauki nata. Abin da hanyar doka ta ƙara mata shi ne kuɗin safiyo biyu. Bambancin fam 5,000 ya fi ƙarfin wannan.

Kuma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. In aka yi cinikin sasanci, su ke rubuta takardar miƙa ƙasar, kuma sau da yawa sukan bar tsofaffin sharuɗɗan a ciki. Sai ka ga mutum ya biya dubbai, sunansa mai firihol, amma in zai faɗaɗa kicin ko ya canza tagogi sai ya nemi izininsu ya biya. Ya sayi ƙasa, igiyar tana hannunsu. A hanyar doka an taƙaita irin sharaɗin da za su iya liƙawa.

Anti Maman Hanif, dokar da ta shafe ki ita ce ta 1967, ta gidaje masu zaman kansu. Duk wanda asalin lis ɗinsa ya wuce shekara 21 yana da haƙƙin sayen ƙasar ko mai ita yana so ko ba ya so. A da sai ka shekara biyu da mallakar gidan, amma an cire wannan sharaɗin tun 31 ga Janairu 2025. Lauyanki zai aika musu takardar sanarwa ta doka. Suna da wata biyu su amsa. Suna iya neman kafin alƙalami na ninki uku na kuɗin ƙasa, wato fam 1,380 a naki, kuma ana cire shi daga farashin. In ba ku daidaita ba, kowane ɓangare na iya kai maganar tirabunal ɗin gidaje ta yanke farashi. Kuɗin lauyansu na shirya takardu da na safiyonsu ke za ki biya, amma fa wanda ya dace da hankali, in suka zuga shi ma ana iya ƙalubalanta. Abin da suka kashe wajen jayayya da ke a tirabunal kuwa nasu ne. Shi ya sa yawanci ake daidaitawa kafin ranar zama.

Game da sayar da ƙasar da aka yi ba da saninku ba: abin takaici, doka ba ta hana ba. Haƙƙin a fara yi wa mazauna tayi yana cikin dokar 1987, kuma fulat-fulat ta shafa, ban da gidaje irin naku.

Kawu Garba:
To Ummu Khadija, maganar sharuɗɗan da ake bari a takarda ban taɓa jin ta ba, na karɓa. Amma ina nan a kan bakana game da lokaci. Duk wanda zai shiga ya shiga da haƙuri.

Alhaji Baba Bamingham:
Salamu alaikum jama'a. Bari tsoho ya sa baki. Ni na sayi gidana a 1994, lis ɗin shekara 99 ne da ya fara tun 1962, kuɗin ƙasa fam 25. Na yi ta biyan 25 ɗina ina ganin ba komai. Sai da babban ɗana ya zaunar da ni ya ce Baba, gidan nan da kake cewa za ka bar mana, a 2061 ba namu ba ne. Ranar ban yi barci ba. Mu da muka taso gidan gado shi ne gida, kakanka ya gina ubanka ya zauna kai ma ka zauna, ban taɓa kawowa a raina cewa abin da na biya shekara 25 ina cirewa daga albashi aro ne mai dogon wa'adi ba.

Abin da nake so matasa su sani, tsofaffin gidaje masu ƙaramin kuɗin ƙasa irin nawa, waɗanda darajarsu a tsohon kundin haraji ba ta kai wani mataki ba, lissafinsu daban ne. Darajar filin kawai ake dubawa, ba a haɗa da ginin, kuma babu wannan abu na uku da Abban Sadiq ya ambata ko da wa'adi ya yi ƙasa da 80. Kamfanin da ke riƙe da ƙasata da ɗaya lissafin suka fara zuwa mini, mai tsadar. Safiyona ne ya nemo tsohuwar takardar haraji ya nuna musu. Ƙasa da rabin abin da suka fara faɗa na biya. Nan Bamingham gidaje irin wannan suna da yawa, 'yan uwanmu na ciki ba su sani ba.

Anti Bilki:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abban Sadiq, don Allah ni ma a duba nawa, don abu na ukun nan da kuke tsallakewa ina jin ni ya kama. Fulat ne a kudancin Landan, mu shida ne a ginin. Saura shekara 72, kuɗin ƙasa fam 100 ba ya ƙaruwa. Dillali ya ce da wa'adin mai tsawo ne zai yi fam 300,000.

Abban Sadiq:
Anti, ya kama ki, sai haƙuri. Bari mu bi shi a hankali.

Kuɗin ƙasa: fam 100 na shekara 72, in an lissafa da kashi 6.5, wajen fam 1,500 ne.

Komawar gida: ga fulat kashi 5 ake amfani da shi, ba 4.75 ba. Duka biyun daga shari'ar Sportelli ta 2006 suka fito, har yau su ake bi. Fam 300,000 bayan shekara 72 ya zama kamar fam 8,950 a yau. Haɗa biyun, haƙƙin mai ƙasa a fulat ɗinki fam 10,450 ne.

Sai na ukun, ni ina kiransa ribar haɗewa. Fulat ɗinki da gajeren wa'adi ba zai yi 300,000 ba. Mu ƙaddara safiyo ya ce kashi 87 cikin 100 zai yi, fam 261,000 ke nan. Naki 261,000, nasa 10,450, jimla 271,450. Amma ranar da biyun suka haɗu a hannu ɗaya, abin ya zama na 300,000. Tazarar nan ta fam 28,550 ita ce ribar, doka ta ce a raba biyu, ki ba shi rabi, 14,275. Gaba ɗaya kina kallon wajen fam 24,700, ban da lauyoyi. Kashi 87 ɗin nan misali na yi, a kansa safiyo-safiyo suka fi yin jayayya, don kashi ɗaya kacal in ya motsa, kusan fam 1,500 ne a aljihunki.

Da a ce saura shekara 81 kika yi, babu ribar haɗewa ko kaɗan. Kuɗin ƙasa 1,500, komawar gida 5,770, duka wajen fam 7,300.

Anti Bilki:
Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Saura 84 na saya. Lauyan da ya yi mini aikin sayen bai ce mini ƙala ba a kan shekara 80. Shekara huɗu ina da damar yi da arha ban sani ba. Jama'a duk mai fulat ya tashi yanzu ya duba takardarsa, kada ya bari sai gobe.

Ummu Khadija:
Sannu Anti. Ƙari a kan na Abban Sadiq: ku masu fulat dokar 1993 ce taku, kuma mutum ɗaya ba ya sayen firihol shi kaɗai. Sai aƙalla rabin fulat ɗin ginin sun shiga, ku shida ke nan sai uku. Amma ki lura, in ku uku kuka shiga, ku za ku biya haƙƙin mai ƙasa a kan sauran ukun da suka noƙe, don ginin ake saye gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ki fara zama da maƙwabta kafin ki kira lauya. In sun ƙi, kina da naki haƙƙin ke kaɗai: ƙarin shekara 90 a kan 72 ɗinki, kuɗin ƙasa kuma ya koma sifili. Farashinsa kusan daidai yake da wanda aka lissafa miki.

Ɗan Katsina a Gilasgo:
Ina karantawa ina mamaki. Mu nan Sikotlan kusan babu wannan abin. Ko fulat ka saya naka ne, kai da maƙwabta ku haɗu a kan rufi da matakala. Ragowar lis masu dogon wa'adi ma doka ta mayar da yawancinsu mallaka a Nuwamban 2015. Wanda bai riga ya saya ba a Ingila ya tambaya tun ranar farko ko lisihol ne ko firihol.

Sani daga Abuja:
Ni ina gida amma ƙanena yana Lids shi ya sa nake bibiya. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ai mu ma tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, takardar mallaka shekara 99 ake rubutawa, kuma akwai kuɗin ƙasa. A 2025 ma nan Abuja an soke takardun filaye masu yawa saboda an shekara goma ko fiye ba a biya ba.

Ummu Khadija:
Yaya Sani sun yi kama, amma akwai bambanci. A can gwamnati ce ke sama, kuma ba wanda zai ce zai saye ta ya fita. A nan wani mutum ne ko kamfani, ya sayi kuɗin ƙasarka kamar yadda ake sayen hannun jari, yana kuma iya sayar wa wani. Saboda haka ne ma majalisa ta ba mazaunin gida ikon tilasta masa ya sayar.

Abu Maryam:
Ba wanda ya yi maganar sabuwar doka. Dokar 2024, wadda aka sa wa hannu 24 ga Mayun shekarar, ta soke ribar haɗewa gaba ɗaya, ta mayar da ƙarin wa'adi shekara 990, ta ce a galibin lokuta kowa ya biya lauyansa. Ta kuma ce wajen lissafi ba za a ɗauki kuɗin ƙasa sama da kashi 0.1 na darajar gida ba. Maman Hanif, gidan 250,000 kashi 0.1 ɗinsa fam 250 ne, ba 460 ba. Raba 250 da 0.06, fam 4,170. Da kashi 5 ma 5,000 ne. Me zai sa ki biya 9,000 yau? Ke da ke da shekara 988 ba abin da ke ƙone miki. Anti Bilki kuma 14,275 ɗin nan zai tafi baki ɗaya. Ku duka biyu ku jira.

Alhaji Baba Bamingham:
Ɗana, tun ina da baƙin gashi nake jin za a gyara lisihol. Kada ka sa bayin Allah jiran gawon shanu.

Abu Maryam:
Baba wannan karon ba alkawari ba ne, doka ce an riga an yi. Manyan masu filaye sun kai gwamnati ƙara a kai, babbar kotu ta kori ƙarar a Oktoban 2025.

Ummu Khadija:
Duk abin da ka faɗa haka yake Abu Maryam, amma sashen lissafin farashi bai fara aiki ba, kuma wanda ya aika sanarwa yau da tsohon lissafi za a yi masa. Sannan akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Sabuwar dokar ta bar wa minista ya tsayar da kashin da za a riƙa amfani da shi. Kai ka ɗauka 5 da 6 za su zauna. Gwada na Anti Bilki da kashi 4: komawar gida ta tashi daga 8,950 zuwa 17,800. Har yanzu ta ci riba a kan 24,700, amma ba 14,000 ba. In aka kai 3.5, ya haura 25,000, riba ta tafi. Kuma kowace shekarar jira wa'adinta raguwa yake yi.

Ni abin da nake gaya wa mutane: tambayar ba ita ce wace doka ta fi arha ba, tambayar ita ce yaushe kake bukatar sayar da gidan ko sabunta mogej. Wanda zai zauna shekara goma ba motsi, yana iya jira. Wanda banki zai duba takardarsa baɗi, ba shi da wannan sararin.

Malam Idi:
Tambaya gare ni, a yi mini uzuri. Wannan kashi 5 da kashi 6 da ake ta ambata, ba ruwa ba ne? Kada mutum ya je neman mafita ya faɗa riba.

Abban Sadiq:
Malam, tambaya ce mai kyau, ni ma na yi ta lokacin nawa. Ba bashi ake ba kowa ba, ba kuma ƙari ake biya a kan bashi ba. Saye da sayarwa ne: shi yana da ƙasa, kai kana saye, a biya sau ɗaya a rabu. Kashin ma'auni ne na gano farashi, kamar yadda mai sayen shago yake duba hayar shekara nawa za ta mayar masa da kuɗinsa. Inda ruwa zai iya shigowa shi ne inda mutum zai samo kuɗin sayen, wannan kuma kowa ya tuntuɓi malaminsa.

Ummu Khadija:
Malam ya tuna mini. Waɗanda suka sayi gida ta bankin Musulunci, sunan bankin ne a rajista har sai an gama biya. Su fara magana da bankin kafin su kashe ko fam ɗaya a kan safiyo, don ba a yin komai a kan ƙasar sai da hannunsa.

Maman Hanif:
Jama'a na gode ƙwarai, na karanta wa Abban Hanif komai daren jiya. Abu Maryam, lissafinka ya ja hankalina sosai, da zama za mu yi da na jira. Amma an ba Abban Hanif aiki a Lids, muna so mu sayar kafin yara su koma makaranta a Satumba. Maƙwabciyarmu ta sa nata a kasuwa bara, ciniki ya kusa faɗawa sai bankin mai sayen ya ga kuɗin ƙasa ya janye. Ba na so mu shiga wannan. Mun samu safiyo, zai zo ranar Alhamis.

Anti Bilki:
Ni kuma na zauna da maƙwabta. Biyu sun yarda, ɗaya yana ƙasar waje ya ba da haya, biyu tsofaffi ne sun ce ba su da kuɗin. Mu uku ba za mu iya ɗaukar kuɗin mutum shida ba. Ba sayarwa zan yi ba, mogej ɗina kuma saura shekara huɗu kafin in sabunta, don haka zan jira shekara ɗaya in ga inda za a tsayar da kashin. Amma na fara ajiye fam 300 duk wata a asusu daban saboda shi.

Maman Hanif:
Na dawo da labari. Safiyo ya rubuta fam 8,400, ya ce in an matsa mu tsaya a 9,500. Lauyarmu ta aika sanarwar doka. Kafin wata biyun su cika suka amsa, sun yarda muna da haƙƙi, sun nemi kafin alƙalamin 1,380 mun biya, farashi kuma sun sauko 11,200. Ummu Khadija, abin da kika faɗa ya fito: a daftarin takardar miƙawa sun sa sharaɗin cewa duk gyaran da zai taɓa wajen gida sai da izininsu da kuɗi. Lauya ta soke ta mayar musu.

Gida huɗu a layinmu sun ce su ma za su yi, safiyon ya rage mana kuɗi tunda gini iri ɗaya ne. Kawu, gaskiyarka a kan lokaci, wata na uku ke nan. Yanzu muna jiran safiyonsu ya zauna da namu ranar 14.

Ummu Khadija:
Alhamdulillah. Anti ki ce wa lauyar ta nemi su rubuto kuɗin lauyansu da na safiyonsu dalla-dalla tun yanzu, awa nawa, aiki me, kafin a daidaita farashi. Tunda gida biyar ne iri ɗaya a layi ɗaya, bai kamata kowannenku ya biya cikakken kuɗin ƙiyasi ba. Kuma kuɗin ƙasa na Janairu ki biya shi a kan lokaci, har ranar da aka miƙa takarda bashi ne a kanku.